Fartanyar Baffa Maikano

A shekarar 1952 na fara sanin Baffa Maikano, lokacin da aka turo ni Kafin Maiyaƙi aikin ba da magani, ban daɗe da barin makarantar Mishan ba. Bai san shekarunsa ba, amma ya ce yana da 'ya'ya uku sa'ad da Turawa suka fasa ganuwar Bebeji. A lissafina ya kai tamanin.

Ba ciwo ne ya kawo shi wurina ba. 'Ya'yansa, Mudi da Ɗantani, sun ɓoye masa fartanya, don ana yi musu gori wai sun bar tsoho yana noma. Suka kawo shi in tsoratar da shi ya zauna a gida. Shi kuwa ya ce duk sa'anninsa da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure, ba wanda ya ƙara damina uku a duniya.

Na duba shi. Ƙirji lafiya, ido garau. Abincinsa fura da nonon rugar Hamman, da tuwo miyar zogale; kasuwar Bebeji kuma a ƙafa yake zuwa. Na gaya wa 'ya'yan gaskiya: in suna son ubansu ya daɗe, su mayar masa da fartanyarsa. Suka mayar, amma Mudi ya daɗe yana fushi da ni.

Ranar gayyar gonar mai unguwa, Baffa ya shiga layin samari. Makaɗi ya tsokane shi: "Baffa, in ka faɗi, wa zai ɗauke ka?"

"Buga gangarka kawai, ɗan nan. Kakanka ma haka ya tambaye ni."

Bai zo na farko ba, amma ya kai ƙarshen gona da samari a bayansa suna haki. Mata suka rangaɗa guɗa. Mudi da kansa ya durƙusa ya miƙa masa ruwa.

Daminar 1958 kurkunu ya kwantar da ni, ciyawa ta rufe 'yar gonata ta bayan gari. Da na fara takawa, na dogara sanda na je in ga asarar da na yi. Sai na tarar an nome ta tas, dawa ta yi kore shar. Maƙwabcin gona ya ce Baffa ne, kullum bayan ya gama tasa, kuma ya hana a gaya mini.

Da na je godiya, ya tambaye ni jiki, ya shiga zancen ruwan bana.