Gurbi Huɗu, Yara Biyar

Shekarun baya, lokacin da aka shigo da inshorar lafiya ma'aikatarmu, ni ne lauyanta a majalisarmu ta bayan La'asar a Unguwar Dosa, ba tare da kowa ya ɗauke ni aikin ba. Abokina, malamin makaranta, shi ke ɓangaren adawa. Hujjarsa guda ce: a yanki albashinka kana lafiya lau, ran da ka kwanta a ce maganinka ba ya cikin tsari. Ni kuwa sai in gyara tabarau in yi bayanin yadda masu lafiya ke ɗaukar nauyin marasa lafiya, har shayi ya huce.

Rannan ya ce, "To Farfesa, tsarin naka yara huɗu yake ɗauka, kai kana da biyar. Wanne za ka yafe?"

Na ce lissafi ne mai sauƙi. A gida na yi wa uwargida jawabi. Auta na shan zazzaɓi, 'yan matan uku ƙanana ne. Babban kuwa, ɗan farinmu, ya shiga sakandare, ga shi kamar bishiyar kuka. Shi za a bari, tunda saka na biyar sai da ƙarin biya. Na tambaye ta ko da magana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda ka gani." Na rubuta wannan a raina a matsayin gagarumin rinjaye.

Ranar Juma'a mahaifiyata ta zo daga Badarawa. Tana jin labarin ta ajiye cokali.

"Mijin nawa za a bari a waje?" Haka take kiran jikan nata, da wasa. Amma ba ta yi dariya ba. Ni ma ba ta dube ni ba, bango take wa magana. "Mutum ya yi ta karatu, bai san uwa ba ta buɗa baki ta roƙar wa ɗan fari ba? Sunansa ma ba ta faɗa. A je kicin a duba tukunya nawa ke kan wuta."

Na je. Tukwanen miya biyu ne, ƙaramar ba barkono. Ashe yaron ya daɗe yana fama da ciwon ciki, uwarsa na dafa masa tasa daban, kunya ta hana ta ce uffan. Ni kuma ina can ina ceto lafiyar ƙasa.

Ranar Litinin na saka su biyar ɗin, na biya ƙarin ba gardama. Likita ya ce gyambon ciki ne, an kama shi da wuri, kuma maganin yana cikin tsari. Wannan na kai wa abokina da ɗoki. Ya ce, "Inshorar ta yi, Farfesa. Kai ne dai ba ka cikin tsari."

Yaron yanzu ya fi ni tsawo, yana cin yaji kamar mai ramuwa. Har gobe ina kare inshora a majalisa, amma na daina ƙirga shiru a matsayin ƙuri'a. Wani lokaci kuma nakan tuna yadda mahaifiyata ta san a tukunya ake duba irin wannan. Ni ma ɗan fari ne, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba.