Aljihun Rigar Awalu

Badamasi tela bai taɓa yin nasara a gardama da mace ba, amma kashin da ya sha a hannun wata kwastomarsa Najiba a kasuwar Marché Congo ya fi kowanne. Atamfar jam'iyyar adawa ta kawo, mai hoton ɗan takara. Gwanin naku ya yanka yana hira, fuskar ta faɗo daidai mazaunai.

"Malam Badamasi, mutumin da zan zaɓa, shi zan zauna a kai?"

"Hajiya, ai ya fi kowa sanin nauyin talaka."

Ta sure almakashinsa ta yi gaba. Har unguwar New Bell ya bi ta yana ba da haƙuri, kasuwa na dariya.

Siyasa ba ta dame shi ba. A bar shi da keken ɗinkinsa da goronsa da Awalu, ɗansa tilo da ya rena shi kaɗai tun rasuwar uwar. Kamar kowane ɗan tela, a ƙyalle Awalu ya girma: hannu na wata amarya, baya na wani alhaji. Har ya zama ƙato mai gemu yana acaɓa, rigunan baban nasa yake sawa.

Bayan zaɓe gari ya rikice, aka ce kada a sake ganin hoton nan a jikin kowa. Badamasi ya kwashe atamfofin ya ɓoye. Abu ɗaya ya manta, aljihun rigar Awalu. Da ragowar atamfar ya ɗinka shi, kunne ɗaya da rabin gira na ɗan takarar. A bakin gadar Wouri jami'an tsaro suka tare yaron. Babur ya dawo gida, mai shi bai dawo ba.

Babu ofishin da tsohon bai leƙa ba. Kowa ya ce "revenez demain", wato ya dawo gobe, goben kuma ba ta zuwa. Ya rame, zare ya ƙi shiga masa allura.

Ran nan sai ga shi a ƙofar shago, ya ɗinka hoton nan, cikakkiyar fuska, a ƙirjin rigarsa. Haliru maƙwabcinsa mai yadi ya fito a guje.

"Baba, ka haukace? Cire! Wallahi ɗauke ka za su yi!"

"Ba zan cire ba."

"Kana da jam'iyya ne? Ko zaɓe ba ka yi ba!"

Badamasi ya gyara zama yana kallon titi.

"Su zo mana, Haliru. Tun yaushe nake neman mai kai ni inda yarona yake."