Ranar da Ƙanwata Ta Ware Mini Kwano

Assalamu alaikum Edita, da duk mai bibiyar wannan fili. Shekaru ke nan ina juya wannan magana a cikina, yau dai na ce bari in fitar da ita ko wani zai amfana. A shekarar da korona ta shigo, ni ɗan kasuwa ne mai shekara talatin da 'yan kai, ina auna gero da wake a wata kasuwa a cikin birnin Kano. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Toranke, a ƙasar Ajingi, inda iyayena suke zaune har gobe. Ni ne babba a gidanmu, kuma ba na bari kowa ya manta da hakan. Ina da baki, ga zuciya a kusa, in na faɗi magana ba na son musu. Game da korona kuwa na riga na yanke hukunci tun kafin ta iso, cewa ciwon masu hawa jirgi ne, ba ruwanta da talaka mai shan rana. In na ji malaman jami'a a rediyo suna bayanin wanke hannu da ba da tazara, sai in murɗa tasha in ce 'yan boko sun samu abin yi.

Sai ga shi an kulle birni ruf, kasuwa a rufe, masallatai a rufe, kuma cikin azumi. Kullum rediyo sai ta ce waɗanda suka kamu sun ƙaru a kan na jiya. A unguwar da nake haya dattawa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina cewa zafi ne da azumi. Matata tana gidansu a Gafasa wajen wankan jego, don haka ni kaɗai ne a ɗaki kamar gwauro. Ana cikin haka na fara jin jikina ba daɗi, ɗan tari, da zazzaɓi mai zuwa da yamma. Na sha maganin zazzaɓin sauro na yi ta maza. Ranar da aka ɗan sassauta doka don mutane su yi cefane, maimakon in yi cefanen sai na ɗaure jakata. Manyan hanyoyi duk da shinge, saboda haka na samu mai babur ya bi da ni ta cikin ƙauyuka da gonaki har Gaya, daga nan wani ya ƙarasa da ni gida. Ina hanya ina yaba wa kaina wayo.

A gida na tarar da autarmu. Ita ce kaɗai a gidanmu da ta kai jami'a, tana karatun gwaje-gwajen asibiti, kuma rufe makarantu da aka yi ne ya dawo da ita. Farfesa nake ce mata don tsokana. Tun daga zaure na ga aikinta, buta da sabulu a kan turmi, wai kowa ya wanke hannu kafin ya shiga. Na yi dariya har da tafa hannu, na tsallake abina. Baba yana kishingiɗe a bakin ɗakinsa, na durƙusa daga nesa na gaishe shi kamar yadda muka saba. Mahaifinmu ya haura saba'in a lokacin, yana da asma tun muna yara, irin wadda in ta tashi sai ka ji ƙirjinsa yana fito, ga hawan jini. Kowa a gidan ya san ko mura ce ta kama shi sai an yi da gaske.

Da aka sha ruwa Inna ta miƙo mini kunun tsamiya, abin da na yi ta marmari a birni. Na kurɓa na ji kamar ruwan ɗumi. Na ce wa Inna yau dai hannunta ya kuskure, ba tsami ba zaƙi. Inna ta yi mamaki, ta ce ai tsamin ma har ya so ya yi yawa. Ashe yarinyar nan tana kallona. Ta tashi ta ɗauko daddawa a marfin kwano ta ajiye a gabana ta ja da baya, ta ce in shinshina. Daddawar Inna da ake jinta tun daga ƙofar gida, wallahi ban ji komai ba. Ban sani ba ashe rasa jin ɗanɗano da ƙamshi alama ce ta korona. Ta tambaye ni kwana nawa ina tari, na ce ba na tari, sai tarin ya zo ya ƙaryata ni a gaban kowa.

A garinmu maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Kowane magidanci fito da nasa yake yi ƙofar gida a haɗu a yi ciyayya, hannu huɗu biyar a kwano ɗaya, kuma in na zo gida a gefen Baba nake zama. Ranar, kafin a fitar da tuwo, ƙanwata ta riga ta zuba nawa a wani kwano daban, ta ɗaura jan zare a hannun wani kofi ta ce nawa ne, ta share shagon da ke jikin zaure ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce in yi haƙuri in zauna a nan mako biyu, kada in shiga wajen Baba, kada in ci da shi. Edita, ka san mu, ba a ware wa mutum kwano sai in ana ƙyamarsa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na zazzaga mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce rashin kunya aka tura ta koyowa, na ce ni na goya ta, na ce in dai ina numfashi ba za ta sake komawa jami'a ba. Tana kuka, amma ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ta tare hanya. Ta ce in Yaya yana so ya dake ta ya daka, amma ba zai wuce ba, domin in ciwon nan ya shiga ƙirjin Baba ba zai tashi ba.

Baba ne ya raba gardamar, kuma ba yadda na zata ba. Ya ce shi da hannunsa ya kai ta makaranta don ta san abin da mu ba mu sani ba, to ba shi ne zai fara ƙin abin da ta koyo ba. Ya ce in bi abin da ta ce, shi ma ya daina fita ciyayya sai abin ya lafa. Ban iya musa wa Baba ba, amma zuciyata tana tafasa, kuma a nan ne na tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Muna da maƙwabci, dattijo, aminin Baba tun suna kiwon awaki, mutum mai raha da son mutane. Na ɗauki kwanon da aka ware mini na tafi ƙofar gidansa ina huci, na ba shi labari yadda zai ji tausayina. Ya ko ji. Ya ce subhanallahi, ɗan da aka haifa a gabansa ne za a ware kamar baƙo, ya juye tuwona a cikin nasa ya ce in sa hannu. Kwana uku ina cin abinci da bawan Allahn nan, muna shan ruwa a moɗa ɗaya, ina tari yana yi mini sannu. Ƙanwata ta aika masa da roƙo ta bakin Inna, ya yi dariya ya ce yaran zamani akwai tsoro. Ni kuwa ba yunwa ce take kai ni ba, so nake a gani a san an wulaƙanta ni.

A rana ta huɗu na tashi zan yi alwalar azahar, sai na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Daga shago zuwa bakin zaure sai da na huta sau biyu. Nan ido ya raina fata. Yarinyar da na ci wa mutunci ita ce ta fara zuwa kaina, da takunkumin atamfa da ta ɗinka da hannunta. Ta kira wata malamarsu ta jami'a a waya, malamar ta haɗa ta da ma'aikatan lafiya na yankinmu, washegari suka zo da mota suka ɗauki samfurina da na Baba da na Inna da nata, aka kai ɗakin gwaji na jami'ar, wanda aka mayar wajen gwajin korona. Zuwan motar nan ya tayar da ƙura a gari. Mata suka daina shigowa sayen ƙuli-ƙulin Inna, ana ta cewa 'yar boko ta jawo wa gidansu abin kunya. Ita ta sha wannan surutun, ni da na ɗauko ciwon ina kwance. Da sakamako ya fito, ni kaɗai nake ɗauke da shi.

Ma'aikatan suka duba ni suka ce tunda akwai ɗaki daban da mai kula, a killace ni a gida, in numfashi ya ƙara tsanani a kira su nan take. Malamar nan, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba har yau, safe da yamma sai ta kira. Ita ta koya wa ƙanwata yadda za ta ƙirga numfashina daga bakin ƙofa, ita ta ce in riƙa kwanciya rub da ciki, ita ta faɗi alamomin da in an gani ba jira. Wata rana aka sa wayar a amsa-kuwwa ta yi magana da ni, ta ce Malam ka kwantar da hankalinka, ƙanwarka ta san abin da take yi. Kunya ta kama ni, ni da nake murɗe rediyo in irinsu suna magana. Abinci kuwa ƙanwata ce take ajiye mini a bakin ƙofa, ta dawo ta wanke kwanon da ruwan zafi, ba ta taɓa tuna mini ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa mata ba. Baba yakan zauna daga can tsakar gida ya ɗaga murya ya tambayi jikina, ya yi mini addu'a.

Ina fara samun sauƙi sai na ji maƙwabcin nan namu ya kwanta. Ƙanwata ta roƙi iyalinsa su bari a kira ma'aikata, suka ce su ba za a kawo musu mota ƙofar gida ba, zazzaɓi ne kawai. Bai yi mako ba ya rasu. Ina cikin shago na ji salati ya tashi da hantsi, na ji tafiyar mutane da makara ta jikin bangon da nake jingine. Ban samu sallarsa ba. Baba ma daga zaure ya tsaya ya yi masa addu'a, aminin shekara sittin. Ba a gwada shi ba, saboda haka ba wanda zai ce ga abin da ya kashe shi, kuma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Amma ni na san da wa ya ci abinci kwana uku, na kuma san abin da ya kai ni wajensa.

Bayan an sake gwada ni an ce na warke, abu na farko da na yi shi ne na sami autarmu tana tankaɗe, na tsuguna a gabanta na roƙe ta gafara. Ta ruɗe, ta ce haba Yaya ka tashi kada Inna ta gani, ita ba ta riƙe ni da komai ba. Daga nan na shiga gidan mamacin na faɗa wa babban ɗansa gaskiya, ban rage komai ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, kuma babansu ko an hana shi ba zai kori ɗan amininsa daga kwano ba, sun yafe. Na gode masa, amma yafiyar ba ta sauke mini nauyin duka ba.

Yau Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Ko wannan daminar shi ya tsaya a kan shukar gyaɗa, yana faɗan an yi ramuka da nisa. Ya ga jikokin da aka haifa bayan wannan shekara, ya kuma ga ranar da autarsa ta kammala karatu ta fara aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti. Duk sanda na ji muryarsa a waya sai na gode wa Allah, na gode wa yarinyar nan, na kuma yi wa malamarta addu'a da sauran malamai da ɗaliban da suka yi ta aiki a kan samfurin mutanen da ba su sani ba, alhali muna gida muna zaginsu. Da ba don abin da aka koya mata a can ba, da kuma taurin zuciyar da ta yi ranar, da da hannuna zan kai wa mahaifina ajalinsa ina ganin zumunci nake yi.

Jan hankalina ga 'yan'uwa, musamman manya irina masu ganin girma ya ba su sanin komai, shi ne annoba ba ta ƙare a duniya ba, wata za ta zo ko ba korona ba. In an ce a zauna a gida, kada ka bi ta gona ka kai wa tsofaffinka abin da ka ɗauko. In jikinka ya canja, ka faɗa, ɓoyewa ba jarumta ba ce. In kuma ɗanka ko ƙanwarka da kuka tura karatu suka gaya maka magana mai ɗaci a kan abin da suka karanta, ka haɗiye fushinka ka saurara, ba raini ba ne. Ni dai mutum biyu na gwada a lokacin. Wadda ta ƙi jin maganata ta tsare mini ubana. Wanda ya ji tausayina kuwa, Allah ya jiƙansa, ban ko samu raka shi makwancinsa ba.