Keken Ɗinki a Ƙarƙashin Tasoshina

Shekarata uku da aure maigidana ya karɓi keken ɗinki bashi. Muna zaune cikin Birni a lokacin, can wajen Ƙofar Gayan, Turawa ba su tafi ba tukuna, kuɗi kuwa fam da sule ne. Wani Alhaji mai sayar da yadi ne ya ba shi, keken ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinari. Aka yi magana a gaban liman da mai unguwa: sule goma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In kuwa aka tsallake Juma'a huɗu a jere, Alhaji ya ɗauke kayansa, abin da aka biya ya zama kuɗin haya. Maigida ya amsa da sauri, don a ranar lafiyarsa lau, kuma Salla ta matso.

Wata bakwai bai saɓa ba. Ina tsakar gida ina jin ƙarar keken daga zaure, har na gane in yana kalmasa da in yana miƙa dogon ɗinki. An biya fiye da rabi, sai damina ta faɗi, kurkunu ya fito masa a idon sawun dama. Wanda ya taɓa ganin kurkunu ya sani. Ƙafa ta kumbura kamar turmi, kullum ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, in an ja da ƙarfi ta tsinke a ciki. Ya gwada taka keke da hagu, ɗinki ya karkace, ya ɓata wa wani malami riga.

Juma'a ta farko ta wuce. Na ce, "Malam, ka aika a gaya wa Alhaji."

Ya ce, "In ce me? Bari ta gaba in haɗa masa duka."

Ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Shi mutum ne mai kunya, irin wanda ko bashin goro ya ci sai ya sake hanya. Da Alhaji ya aiko a gaishe shi, sai ya ce a ce yana barci.

Ranar Asabar bayan Juma'a ta uku ya kira ƙaninsa, suka cicciɓi keken daga zaure, shi yana ɗingishi yana nuna hanya, har cikin ɗakina. Dabararsa ita ce, ɗakin matar aure ba a shigarsa. Ko dogarin alƙali ne iyakarsa zaure. Muka rufe keken da zane biyu, na jera tasoshina da fantekata a kai, ya zama kamar teburin jere. Wallahi har na ji daɗin yadda ɗakin ya yi kyau.

Abin da bai lissafa ba, akwai wani tela daga Tukur-Tukur da ba shi da keke, wanda ya sha zuwa yana neman a ba shi haya. Ya zo ya ga zaure wayam, ya tambaya, aka ce keke ya tafi gyara. Ya juya da kuɗinsa.

Ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe, na ji sallama irin ta tsofaffin da ba sa jiran a amsa. Mahaifiyar Alhaji ce. Bakanuwa ce, aure ya kawo ta Zazzau tun tana yarinya, amma bakinta bai bar Kano ba. Namiji ba ya shiga ɗakin matar aure, gaskiya ne. Tsohuwa fa?

"Ina Bazazzagiyar gidan nan? Rana ta dafa ni, a kai ni inuwa."

Na shimfiɗa mata tabarma a gindin bango, ta ce a'a, ɗaki take so. Ta shiga ta zauna, ta sha ruwa, ta zura wa jerena ido.

"'Yar nan, wane kafinta ne ya yi miki teburi da ƙafar ƙarfe?"

Na ce, "Iya, na gado ne."

"Allah ya ji ƙan mai shi. Har da abin takawa ya bar miki?" Ta sa sandarta ta ɗaga gefen zanen. "Ku Zage-zagi wayonku a baki yake. Kun ɓoye akuya kun bar igiya a waje."

Na ce, "Ku Kanawa kuma ko dubiya kuka zo sai kun ƙirga kayan ɗaki."

Ta yi dariya har ta ƙware. Ni kuwa sai hawaye. Na ce mata jibi Juma'a ta huɗu, in aka ɗauke keken nan ban san abin da za mu ci ba, kuma wahalar wata bakwai ta tafi a banza.

Ta ce, "To share. Me kuka shirya?"

Na faɗa mata duka, don ba dare ɗaya muka yi muna juya maganar ba. Na ce zan ba dillaliya tasoshin nan ta sayar. Ta ce, "Su biya Juma'a huɗu. Ta biyar fa, gado za ki sayar?" Na ce akwai gonarsu ta gado a ƙauye, za a iya jinginar da rabonsa. Ta ce a tsakiyar damina, da shuka a ciki, 'yan'uwansa ba za su yafe masa ba. Na ce an gaya masa wani mutum a Sabon Gari da ke ba da fam a mayar masa da fam da sule biyar. Nan ta tsuke fuska.

"Wannan ko a mafarki. A cike rami da ƙasar wani ramin, ga zunubi."

Maigida yana ɗakinsa, duk yana ji, zana ce kawai tsakaninmu. Ta ɗaga murya.

"Kai mai kurkunu! Na san ba barci kake ba. Ɗana yadi yake sayarwa, me zai yi da tsohon keke? Ya ɗinka wa kansa likkafani? Abin da ya ɓata masa rai, ya aiko a gaishe ka ka ce kana barci. Ciwo abin kunya ne?"

Can ya ce, "Iya, na yi kuskure."

"Ni ba ka ci bashina ba. A gaban mutane aka ƙulla, a gabansu za a sassauta. Ka je kafin Juma'a, da ƙafarka a buɗe ya gani. Kada ka ce masa ka yafe, ka faɗi abin da za ka iya, kuma ka faɗi ƙasa da abin da kake zato. Keken nan kuwa a fitar da shi. Yana ɗaki yana ɗaukar tasa, wa zai biya?"

Washegari aka aro jakin mai itace aka ɗora maigida, sai gidan Alhaji. Ya ce mini tafiyar nan ta lungunan Birni, kowa na ce masa sannu, ta fi kurkunun zafi. Liman da mai unguwa suka zauna. Alhaji ya dubi ƙafar ya kau da kai, ya yi masa faɗan da ya kamata, sannan aka sake magana: sule huɗu kowace Juma'a har kaka, na baya da aka tsallake a mayar da su ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ya ƙara, keke ya zauna a zaure inda mai wucewa zai gan shi.

Aka aika Tukur-Tukur, telan nan ya dawo, sule ɗaya a wuni. Mutumin kirki ne, sai dai ƙafarsa nauyi, yana taka keke kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Maigida ya shimfiɗa buzu kusa da shi, ƙafa a miƙe, wai hutawa yake. Ina daga ciki ina jiyo shi wuni guda:

"A hankali, malam, a hankali! Rabinsa na mutane ne."