Tafiyata Gabi don Koyar da Ungozomai

An daɗe da yin wannan tafiya, watakila na haɗa abin da ya faru a wani gari da na wani. Ina neman afuwa.

Maraɗi zuwa Madarunfa

Shekarar da na gama makarantar karɓar haihuwa aka tura ni ƙauyuka, don ungozomai su riƙa aiki iri ɗaya da namu na likita. Na tashi da asuba a kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Direba ya dubi akwatina ya ce, "Malama, tsofaffin ungozomai za ki koya wa haihuwa? Su suka yanke miki cibi!"

A Madarunfa, a bakin tafki, tsofaffi suka taru. Na nuna musu wanke hannu da sabulu da dafa aska, na ce in naƙuda ta kwana ta wuni a kai mai naƙudar gidan likita. Babbarsu, Iya Gambo, ta ce, "Ɗiyata, aska dai mu dafa. Amma mu ba a kiranmu sai ɗa ya faɗi ƙasa. Naƙudar da ba mu gani ba, ƙaƙa za mu ƙirga ta?"

A makaranta ba a gaya mana wannan ba, ko kuwa an faɗa na manta.

Gabi

Washegari na bi ayarin jakai, muka isa bayan azahar. An kawo mini fura ban ko dama ba, sai ga wata mata a guje. Ɗiyarta Hadiza ta zo gida haihuwar fari, ashe tun shekaranjiya take durƙushe a ɗaki, kunya ta hana ta ko nishi.

Na duba, ɗan ya zo a karkace. Na ce, "Inna, ba ku ji ta ba?"

"Mun ga ta daina cin tuwo. Muka ce jaruma ce."

Maza suka ɗauke ta a gadon kara, muka nufi Maraɗi. Ba mu kai gulbin da ke kan hanya ba ta cika. Har ta cika ba ta yi kuka ba.

Komawa

Na dawo gida lafiya, na gode Allah da mutanen Gabi da suka sauke ni. Waɗanda suka halarta, in na yi kuskure su gyara mini. In kuma akwai garin da mace ke kira tun naƙuda na farawa, don Allah a gaya mini, ni ban same shi ba.