Ko-Ƙwarzane da Shuɗiyar Mota

Duk wanda ya zauna da Baba Direba minti biyar sai ya ji labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba: shekara talatin da biyu yana tuƙa motar ma'aikata, ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba. Ya faɗa wa mai aski, aska na kan maƙogwaronsa. Ya faɗa wa likitan haƙori, baki a wangame. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo, ya kai aka sa mata gilashi, ya rataye ta a falo daidai inda baƙo zai gan ta kafin ya ga kujerar zama. Tun mutanen unguwa suna kiransa Ko-Ƙwarzane a bayan idonsa har suka koma kiransa a gabansa. Shi kuwa ya amsa yana gyara zaman hula.

Gajere ne, mai tsabtar tsiya, takalminsa kullum kamar yau aka fito da shi daga shago. In ya shiga motar haya ƙafarsa ta dama ba ta hutawa, yana ta taka birkin da babu shi a ƙasan kujerar fasinja. Da yamma yakan fito da kujera ƙofar gida ya zauna yana yi wa motocin mutane duba da kunne. Wannan giyarta ta kusa tafiya. Waccan mai ita ba ya tsoron Allah. Amma shi kansa, ko keke bai taɓa mallaka ba.

Da 'ya'yansa suka ga gwiwar uwarsu ta fara ƙin hawa babur, sai suka haɗa kuɗi suka ce Baba ya nemi tsohuwar mota mai lafiya. Nan aka shiga uku. Shekara biyu cur, duk Asabar sai ya wanke ya goge ya tafi filin dillalan motoci, ya zaga, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina salansa, ya dawo hannu na dukan cinya. Waccan an taɓa buge ta. Wancan direbanta mahauci ne. Dillalai suka gane shi, in ya doso sai kowa ya tuna yana da kiran waya.

Matarsa tela ce, mai ƙaramin keke a ɗakin tsakiya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ta kwana uku tana yi wa mutum ƙaiƙayi. Wata Alhamis, allura a baki, ta ce, "Malam, Asabar ɗin nan da ni za a je. In ba mu dawo cikin mota ba, firji zan saya da kuɗin, babba. In ka so ka zauna a kansa ka riƙa yin hon da baki."

Ta kuma aika aka kira surukinsu, mijin 'yar auta, bakanike ne. Bara aka yi auren, kuma har yau bai taɓa shanye kofin shayi a gabansu ba don kunya. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe su, murya kamar ta mai ciwon wuya. Abin da ba su sani ba, yaron nan in aka buɗe masa bonet, kunya takan tsaya a waje ta jira shi.

Asabar da hantsi dillali ya kai su can ƙarshen fili, ƙarƙashin wata bishiya, ya yaye tamfol. Shuɗiyar mota ce, fenti na ƙyalli.

"Alhaji, wannan ba don kowa na ajiye ta ba," in ji dillalin. Kowa Alhaji ne a wurinsa har a gama ciniki. "Wata likita ce ke da ita. Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Ko ruwan sama ba ta bari ya taɓa ta."

Ya buɗe ƙofar direba, ya mayar ya rufe don a ji lafiyarta. Ƙofar ta ce "ƙyat-dum".

Baba Direba ya kasa kunne. Wannan "ƙyat" ɗin da ke zuwa kafin "dum", shekara goma sha shida na ƙarshen aikinsa yana jin sa safe da yamma. Ya leƙa kujerar baya. Ga ƙunar sigarin Manajan ma'aikatarsu nan, zagaye kamar kwabo, an shafa mata man takalmi. Fara ce a da, an sake mata launi da lamba bayan ma'aikata ta yi gwanjonta, amma mutum ba ya kasa gane tsohon abokinsa don ya sake riga. Likita! Motar da ya ɗora wa buhunan siminti ya ratsa rafi da ita sau ya fi a ƙirga.

Da a nan abin ya tsaya, da ya rungume ta yana hawaye. Sai dai akwai wata magana a bayan motar nan, gefen hagu, ƙarƙashin fenti, wadda shekara goma sha ɗaya ke nan yana kwana yana tashi da ita. Wata rana Manaja ya yi tafiya, Baba Direba na cikin harabar ma'aikata yana nuna wa maigadi cewa direban gaske ba ya waiwaye in zai yi ribas, madubi kaɗai ya ishe shi. Yana cikin bayani, yana ɗaga yatsa, ginshiƙin tankin ruwa ya katse masa hanzari. Kwana uku motar ta yi a wurin mai gyaran jiki, aka buga, aka yi ciko, aka shafe da fenti. Manaja ya dawo ya yaba yadda bayanta ke sheƙi. Maigadi ya rantse ba zai faɗa ba, kuma Allah ya ji ƙansa, ya tafi da maganar kabari.

"Mu duba wata," in ji Baba Direba. "Wannan... launin bai yi mini ba."

"Ni ya yi mini," in ji matarsa. Ta riga ta buɗe ƙofar, ta sunkuya tana shafa gefen kujerar direba da ɗan yatsa. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta miƙe, fuska ba yabo ba fallasa, ta ce wa surukin, "Ɗana, duba mana ita da kyau. Kada ka ji nauyin kowa."

Yaron ya naɗe hannun riga, ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu. Ya manna a ƙofa, ya kama. Ya manna a bonet, ya kama. Ya zagaya baya, gefen hagu, ya manna. Mayen ƙarfe ya sulale ya faɗi ƙasa, tim.

"Ahaf!" Ya ƙwanƙwasa wurin da gaɓar yatsa. "Mama, zo ki ji. Nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne zalla. Kuma dubi yadda ya tafi a miƙe daga sama har ƙasa. Ba wata mota ce ta buge ta ba. Ginshiƙi ne, ko turken wuta."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ginshiƙin ne ya taso ya same ta?"

"Ina fa! Abu yana tsaye wurinsa, bai tsokani kowa ba, mutum ya yi ribas ya je ya same shi. Wallahi Mama wasu direbobin, jaki ya fi su, shi ko ba komai yana waiwaye."

"Ka ji, Malam? Wai jaki."

"Ai... tsautsayi ba a san ranarsa ba," in ji Baba Direba yana share gumi da hula. "Wataƙila rana ce ta haske masa madubi."

"Baba, kai kana da kyakkyawar zuciya ne, don ba ka taɓa yi ba. Wannan ba rana ba ce, iyayi ne. Irin masu tuƙi da hannu ɗaya suna surutu." Ya shige ƙarƙashin mota, muryarsa ta riƙa fitowa daga can. "La ila! Da waya aka ɗaure salansa. Wayar shanya! Wane mara imanin ne wannan?"

Wayar shanyar kuwa, ta gidansu ce. Matar ta neme ta har ta zargi maƙwabta.

Yanzu dai hanya a buɗe take. Ya ce mota ta yi hatsari, ba ya so, kamar yadda ya saba faɗa shekara biyu. A koma gida, a sayi firji, takardar yabo ta ci gaba da zamanta a bango, shi kuma ya mutu yana Ko-Ƙwarzane. Ya buɗe baki zai faɗa ke nan, dillali ya ce a bari a ji inji tukuna, inji ne mota.

Dillalin ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta yi kamar ba da ita ake ba. Surukin ya karɓa, ya duba batir, ya hura wannan ya matse wancan, ya shiga ya danne makulli yana ta bugun totur da ƙafa. Motar ta riƙa kukan wahala, gurr-gurr-gurr, kamar ana jan akuya zuwa inda ba ta so. Duk murɗa ɗaya sai Baba Direba ya runtse ido, kai ka ce kunnen jikansa ake murɗewa.

"Shegiyar mota!" Dillali ya kai wa taya shuri. Ya manta da likita, ya manta da Alhaji. "Wata huɗu tana yi mini haka a gaban mutane. Jibi zan kira masu fasa motoci su yanka ta su sayar da kayan, in huta."

"Kai! Sauke ƙafarka daga jikinta!"

Kowa ya juya. Baba Direba ne, idanu jajur. Ya ce wa surukin, "Fito." Ya shiga ya zauna, kujerar ta karɓe shi daidai, kowane lotso ya sami mai shi. Bai ko duba ba. Hannun hagu ya tafi ƙarƙashin sitiyari ya ɗaga wata waya, gwiwa ta tokare giya zuwa gefe, ya murɗa makulli rabi, ya jira kamar mai sauraron amsar sallama, ya ƙwanƙwasa saman rediyo sau biyu, sannan ya ƙarasa murɗawa a hankali.

Mota ta tashi. Lafiya lau, sumul, har da ɗan kaɗa jiki.

Surukin ya dubi hannun, ya dubi kujerar, ya dubi bayan motar, ya sake duban hannun. Ana ganin lissafin yana shiga kansa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Malam," in ji matar, murya kamar zuma, "ashe kun san juna da likitar?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Zai iya cewa duk irin wannan motar haka ake tayar da su. Ƙaryar ta zo har bakin leɓe. Amma injin na kaɗawa a ƙarƙashinsa, kuma a gaban wannan motar dai ba shi da bakin yin ta.

"Ginshiƙin tankin ruwa ne," ya ce. "Ba rana ba ce. Surutu nake yi."

Surukin ya zube ƙasa a durƙushe, cikin baƙin mai da ƙura. "Baba, don Allah... wallahi ban... jakin da na ce..."

"Tashi, ɗana, ai ba ka yi wa jakin ƙarya ba," in ji matar. Ta nuna gefen kujera. "Kai kuma Malam, wa ya ɗinke maka wannan yagewar da koren zare, ranar da farin ya ƙare mini? Ɗinkina ne ba zan gane ba? Tun kafin ka gama haɗiye yawu na san ta."

"To, maganar ginshiƙin fa..."

"Matar mai gyaran jikin motar a wurina take ɗinki. Tun fentin bai bushe ba na ji."

Ya juyo ya dube ta, baki buɗe. "Shekara goma sha ɗaya kin sani? Kina goge takardar nan duk safiya?"

"Gilashin nake gogewa. Abin da ke ciki ba ni na rubuta ba."

Dillali, da ya ga mota ta tashi kuma ga soyayya a fili, sai ya gyara murya ya ce tunda abin na gida ne, ai farashi sai an ɗan duba sama. Nan ya taro abin da ya fi ƙarfinsa. Baba Direba ya fito ya kama shi da hannu ya zaga da shi, daga lagireto mai yoyon da aka toshe da sabulu, zuwa giya ta uku da ke fita in an hau tudu, zuwa tagar baya da ba ta sauka sai an yi mata magana mai daɗi. Kowane ciwo da shekararsa da garin da aka same shi. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɓoye ƙwarzane guda, yau ga shi yana tonon asirin kansa da murna, don duk asiri ɗaya sai farashi ya sauko. Kafin su iso but, dillali ya ce a ba shi abin da aka ga dama, a fitar masa da ita daga fili.

Da za su fita sai an yi ribas. Baba Direba ya gyara madubi, ya ɗaga yatsa zai fara bayani.

"Waiwaya," in ji matarsa.

Ya waiwaya.

Surukin ya yi wata guda bai taka gidan ba, sai dai ya aiko matarsa da sabon salansa da gaisuwa. Mayen ƙarfen da ya bari a ƙasa, tsohuwar ta tsince shi, yana nan kan kekenta tana tara allurai da shi. Labari kuwa ya riga motar isa unguwa, dillali ba ya riƙe magana. Kafin sati ya zagayo an sake wa Baba Direba suna, ya koma Ƙwarzane-Ɗaya. Ya yi kwana biyu ba ya amsawa. A na uku ya je aski, mai aski ya ɗora masa aska a maƙogwaro yana jiran shekara talatin da biyun da ya saba ji.

"Ka san tankin ruwa mai ginshiƙi huɗu?" in ji Baba Direba.

Mai askin ya ce tsohon labarin ya fi masa sauƙi, don shi minti biyar ne. Wannan sabon har da wayar shanya a ciki.