Kunnen Gervásio

Gervásio Pombinho ya fara ɓare itatuwa tun yana saurayi, a dajin da ke bayan garin Coruche, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Duk rani, in zafi ya kama ɓawo ya saki jikin itace, sai ya wasa gatarinsa ya bi ayarin masu ɓara. Ɓawon nan shi ake yankawa a yi marfin kwalba. Bishiyar da aka tuɓe kuwa, sai a rubuta mata lambar shekara da farin fenti, a bar ta shekara tara kafin a komo mata.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a kan rassa, ɗaya a gindi. Ciwon gwiwa ya daɗe da hana Gervásio hawa, don haka Custódio, ƙanin matarsa Deolinda, shi ne a sama. Da sanyin wata shekara Custódio ya rasu. Da ɓara ta matso, shugaban ayari, Hilário, ya same shi a ƙofar gida.

"Baba Gervásio, kai ma ka sani. In ba mai hawa, ba aiki."

"Ba ni ɗan gidan Aníbal ya hau min."

"Ya ce gara ya koma gini. Bara ka zage shi har uwarsa ta jiyo daga gari."

"To, ai ya ji wa itace ciwo!"

"Ni ban ce bai ji ba. Amma samari sun tafi Faransa, 'yan da suka rage kuwa tsoron bakinka suke. Ka zo ka taya kwasar ɓawo, in ka samu mai hawa shi ke nan."

Abin ya ci masa rai, domin a ranin nan layi ya zo kan itatuwan tudu, inda ubansa ya fara ba shi gatari. In suka wuce shi, ya san shekara tara ta yi masa nisa.

A ayarin akwai wata mata, Dhan Maya Tamang, mutuniyar Nepal. Tsinkar 'ya'yan lambu ta kawo ta ƙasar, daga baya ta samu aikin fenti da kwasa, wanda shi ake bai wa mata da baƙi. Ba wanda ya taɓa tunanin miƙa wa baƙo gatari. Ran nan wani faifan ɓawo ya maƙale can sama tsakanin rassa, maza suna ta zungurarsa da sanda. Dhan Maya ta ajiye bokitin fenti, ta cire takalmi, ta haye ta turo shi ƙasa. A ƙauyensu mata ne ke hawa itace su saro wa ɓaunar da suke kiwo ganye. Gervásio ya tsaya yana kallon inda take aza ƙafa.

"Hilário, ga mai hawana."

Dariya ta tashi. Belmiro, wani ɗan ayarin mai ƙaton ciki, ya ce, "Baba, Deolinda ta san ka yi sabuwar abokiya?"

"Rufe min baki. Kai da reshe ke kuka in ya hango tumbinka."

Hilário ya sosa ƙeya, ya ce a gwada.

Yaren ƙasar da take ji bai wuce na kasuwa ba, amma aikin da kunne ake koyonsa. Gatari in ya shiga daidai, ƙararsa kamar ta ganga ce. In ya kusa taɓa naman itace, sai ta ƙanƙance. Gervásio yana gindi yana nasa saran, kunnensa na sama. "Tsaya!" "Ci gaba, 'yata!" Da rana sukan zauna inuwa ɗaya. Ya ɗiba mata miyar burodi da tafarnuwa, ta zuba masa yajinta, ya yi ta tari yana cewa bai ji komai ba.

A makon farko gatari ya zarce mata. Jan naman itace ya bayyana, faɗin tafin hannu. Kowa ya dakata da sara, ana jiran zagi. Dhan Maya ta sauko, ta kwaɓa ƙasa da ruwan gorarta ta shafe ciwon, ta jingina goshinta da jikin bishiyar tana magana a hankali da yarensu. Gervásio, wanda tun ƙuruciya ba ya sara sai ya dafa itace ya ce "yi haƙuri, tsohuwa" in yana zaton ba mai jinsa, ya matso ya duba ciwon da ta shafe. Can ya ce, "Gatarin ya yi miki nauyi. Hau."

Da yamma ya ba Deolinda labari. Ta shiga ɗaki ta fito da gatarin ƙaninta, naɗe a cikin tsohuwar rigarsa. "Kai mata. Custódio bai taɓa son ganinsa a rataye ba."

Da gatarin suka ɓare tudun nan kaf. Kafin rani ya fita, Hilário ya ba wani ɗan Moldova da wata 'yar garin gatari, aka daina maganar ƙarancin masu hawa.

A bishiyar ƙarshe Dhan Maya ta miƙa wa Gervásio burushin fenti. Ya rubuta lambar da kansa, ta ɗan karkace.

"In an komo wa wannan, ke ce a gindi," in ji shi. "Ki nemi mai gwiwa, kar ki ɗauki irin su Belmiro."

"Kai kuma, Baba, kana inuwa kana zagina."

"Yaushe na zage ki?"

"Shi ne damuwata. Belmiro ya ce wanda ba ka zaga ba bai gama koyo ba."

Gervásio ya goge fentin hannunsa a wando. "To, ɗauki bokitin, malalaciya. Baɗi ma rana ce."